Tsohuwar laftof tana mutuwa da kanta: daga ina za a fara bincike?

Tambaya: Ina da laftof da ta kai shekara 9 a hannuna, Windows 10 ce a kanta. 'Yan watannin nan sai ina tsakiyar aiki ta ɗauke ɗif ba gargaɗi, wani lokacin kuma allon ya koma shuɗi ta sake tashi da kanta. An yi mata fomat har sau biyu amma ba abin da ya canza. Akwai sauran amfani a jikinta, ko in haƙura da ita?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka yi gaggawar haƙura da ita, kuma don Allah kada a yi mata fomat na uku. Biyun da aka yi ba su tafi a banza ba, domin sun gaya mana wani abu: da wuya a ce ciwon yana cikin Windows. Idan an share komai an zuba sabo, amma cutar ta dawo da kamanninta na da, to an bar jaki ne ana dukan taiki. A jikin na'urar za a nemi matsalar, ko kuma a cikin wata ƙaramar manhaja da ake sake mayar mata duk lokacin da aka gama fomat.

Kafin ka taɓa ko da noti ɗaya, kwashe duk abin da kake jin asararsa, takardu da hotuna da ayyukanka, ka zuba su a filashi ko wani faifan ajiya na waje. Yau za ka yi wannan. Duk lokacin da kwamfuta ta mutu tana cikin rubuta wani abu a faifanta, tana iya barin fayil a gurgunce, kuma idan faifan ne kansa ke ciwo, wasu gwaje-gwajen da zan ambata suna iya ƙarasa shi. Na ga mutane da dama sun zo da damuwar kwamfuta, suka koma da baƙin cikin aikin shekaru da ya salwanta, alhali rabin sa'a ta isa a kwafe shi tun da wuri.

Abin da na fi so ka riƙe daga wannan amsar shi ne, yadda kwamfuta take mutuwa shi ke nuna inda za a duba. A bakin mutane duk "ta mutu" ne, amma ga mai gyara mutuwar kala-kala ce. Akwai wadda take ɗaukewa ɗif kamar an zare mata wuta, allo ya yi baƙi ƙirin, fanka ta yi tsit. Wannan kusan kullum zafi ne ko wuta, domin manhaja ba ta saba kashe kwamfuta haka babu sallama ba. Akwai shuɗin allo, wanda ke nufin Windows da kanta ta ga wani abu ya ɓaci a cikinta, ta tsayar da komai don kada ɓarnar ta yaɗu. A nan ana zargin ram, wato ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ake kan yi, ko faifai, ko direba, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa Windows da wani sashe na na'urar. Akwai kuma wadda take tsayawa cak, hoto yana nan amma linzami ba ya motsi, har sai ka danne maɓallin kunnawa. Kai kuwa ka ambaci alamu biyu, ɗaukewa ɗif da shuɗin allo, don haka kada ka yi mamaki idan cuta biyu ce ta haɗu mata. Wannan ba baƙon abu ba ne ga kwamfutar da ta kwana biyu, kuma shi ke rikita masu gyara da yawa: a magance ɗaya, ɗayar ta ci gaba, sai a ɗauka gyaran farko bai yi amfani ba.

Saboda haka sami takarda da biro. Duk lokacin da ta mutu, rubuta ƙarfe nawa ne, me kake yi, minti nawa ta yi a kunne, a jone take da caja ko a kan batir take, a kan tebur take ko a kan katifa, kuma ko ka motsa ta dab da mutuwar. Kwana uku ko huɗu na wannan rubutun sun fi kowace manhajar bincike amfani. In ba haka ba lalube za ka yi ta yi cikin duhu.

Ita ma Windows tana da nata littafin. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta perfmon /rel, za ta buɗe maka jadawalin kwanaki, duk ranar da aka sami matsala za ka ga jan tambari a kanta. Idan kana son ƙarin bayani, buɗe Event Viewer, ka shiga Windows Logs, sannan System. A nan za ka ci karo da Kernel-Power mai lamba 41, da kuma lamba 6008. Mutane suna ganin 41 ɗin nan su ɗauka sun kama ɓarawo, amma ba sunan cuta ba ne. Abin da yake cewa kawai shi ne kwamfutar ta tashi ba tare da an rufe ta ta hanyar da ta dace ba. Amfaninsa yana cikin bayanan da ke ƙasansa. Nemi wurin da aka rubuta BugcheckCode. Idan sifili ne, yawanci Windows ba ta ma sami damar yin kuka ba, wuta ce ta yanke mata ko ta sandare. Idan akwai wata lamba, to shuɗin allo ne ya faru ko da idonka bai gan shi ba. Idan kuwa lamba 1074 ka gani a daidai lokacin, to wata manhaja ce ta ba da umarnin a kashe ta ko a sake kunna ta, sau da yawa sabuntawar Windows, kuma za a rubuta sunanta a wurin.

Shuɗin allon yakan wuce da sauri kafin ka karanta. Ka hana ta sake tashi da kanta: shiga System Properties, sannan Advanced, sannan Startup and Recovery, ka cire alamar da ke kan Automatically restart. Daga nan idan ya sake fitowa zai tsaya, ka ɗauki hotonsa da wayarka. Rubutun manyan baƙaƙen da ke ƙasa shi ne abin nema.

Yanzu mu zo ga zafi, domin a kwamfuta mai shekara 9 da take ɗaukewa ɗif, shi nake fara zargi, kuma shi ne mafi sauƙin magani. A cikin laftof akwai firosesa, ɗan ƙaramin guntun da ke yin duk lissafin, kuma yana fitar da zafi mai yawa a wurin da bai kai faɗin farcen babban yatsa ba. An ɗora masa farantin jan ƙarfe, daga farantin wani siririn bututu ya ɗauki zafin zuwa wasu siraran haƙoran ƙarfe da ke bakin tagar iska, fanka kuma ta hura iska ta cikinsu. Idan wani abu ya ɓaci a wannan layin, zafi ya taru. Yawancin firosesocin Intel na laftof iyakarsu tana wajen digiri 100, wasu 105. Idan firosesa ya kusa wurin sai ya rage gudu da kansa, shi ya sa kwamfutar take nauyi kafin ta mutu. Idan rage gudun bai wadatar ba, sai ya yanke wuta nan take don kada ya ƙone. Wato mutuwar da ke ba ka haushi ita ce ta hana shi lalacewa.

Sauke manhaja irin su HWMonitor ko Core Temp, kyauta ne, ka bar ta a buɗe. Kwamfuta mai lafiya da ba a sa ta aiki ba takan zauna wajen digiri 40 zuwa 55, idan tana aiki mai nauyi ta hau 70 zuwa 85. Idan taka tana zaune a 70 alhali ba ka buɗe komai ba, ko kuwa da ka kunna bidiyo sai ta haura 90 cikin 'yan mintuna, ka gano bakin zaren. Sa hannunka a bakin tagar iskar. Idan fanka tana ta ihu amma iskar da ke fitowa ba ta da ƙarfi, hanya ce ta toshe. Idan kuwa ba ka jin motsin fankar sam ko da kwamfutar ta yi zafi rau, ko tana ƙara kamar ana gurza wani abu, fankar ce ta gaji.

Abin da ke toshe hanyar ba ya ganuwa daga waje. Sai ka cire fankar za ka gan shi, a ɗan tsakanin da ke raba ta da haƙoran ƙarfen: ƙura da zaren tufafi da gashi sun dunƙule sun zama wani ɗan tsumma mai toka-toka, mai kauri kamar an yanko gefen bargo. Nakan sa ɗan hantsaki in ɗago shi, ya fito gaba ɗayansa a tsawon tagar, har da shatin haƙoran a jikinsa. Mai kwamfutar yakan tsaya yana kallo, ya kasa yarda wannan ɗan abin ne ya hana shi aiki watanni. Hura iska daga waje ba ta fitar da shi, sai dai ma ta tura shi cikin fankar ya maƙale. Dole a buɗe. Kuma idan za ka hura wa fankar iska mai ƙarfi, ka riƙe fukafukanta da yatsa, kada ka bar ta tana juyawa fiye da ƙarfinta.

Sai man da ke tsakanin firosesa da farantin jan ƙarfen. Aikinsa cike ƙananan ramukan da ido ba ya gani, domin zafi ya ratsa ba tare da iska ta shiga tsakani ba. Bayan shekaru yakan bushe ya tsattsage kamar tsohon fenti. A goge shi tas da auduga da sinadarin isopropyl, a ɗiga sabo kamar girman kan ashana, a mayar da farantin a ɗaure notunan bisa lambobin da aka rubuta a gefensu, 1, 2, 3, 4, kaɗan-kaɗan, don ya zauna daidai. Kada a sa man goge haƙori ko wani mai da ba a yi shi don wannan aikin ba. Idan ka tarar da wasu 'yan faci masu laushi kamar roba a kan wasu guntaye, ka bar su a wurinsu, kaurinsu da gangan aka auna shi. Kafin duk wannan kuma, zare caja, cire batir. Idan batirin na ciki ne, wayarsa za ka fara zarewa daga madabod, babban allon da komai ke manne a kansa, da zarar ka buɗe murfin. Idan ba ka taɓa buɗe laftof ba kuma taka irin wadda sai an cire kibod da komai ake kai wa ga fanka ce, ba abin kunya ba ne ka kai wa wanda ya iya, ka ce masa abu biyu kake so, a wanke hanyar iska a canza mai, kuma ka nemi ya nuna maka abin da ya fitar.

Wani lokaci nadiri, bututun kansa ne yake mutuwa. A cikinsa akwai ɗan ruwa da ke tururi ya ɗauki zafi zuwa ɗaya ƙarshen, ya huce ya dawo. Idan ya huje ko ya lanƙwashe, sai ka ga an wanke komai an canza mai, fanka tana juyawa, amma iskar da ke fitowa sanyi ce alhali firosesa yana ƙuna. Wannan sai canji. Katifa da bargo da cinya kuwa, ka raba ta da su, domin yawancin laftof ta ƙasa suke shaƙar iska.

Idan ma'aunin zafi bai nuna komai ba, sai mu koma ga wuta. Batirin laftof yana fara rage ƙarfi sosai bayan an cika shi an zazzage shi sau 300 zuwa 500, kuma ko ba a amfani da shi shekaru suna cin sa. Idan naka na asali ne, shekara 9 ta wuce abin da ake tsammani daga gare shi. Tsohon batir yana yin ƙarya: ya nuna saura kashi 40 cikin ɗari, da an nemi wuta da yawa a lokaci guda sai ƙarfinsa ya faɗi warwas, kwamfuta ta ɗauke. Buɗe Command Prompt, baƙar tagar da ake rubuta wa Windows umarni, ka rubuta powercfg /batteryreport. Za ta samar da wani fayil ta gaya maka inda ta ajiye shi. A ciki ka kwatanta Design Capacity, wato ƙarfin da aka ƙera shi da shi, da Full Charge Capacity, wato abin da yake iya ɗauka yanzu. Idan na biyun bai kai rabin na farkon ba, batirin ya gama aikinsa.

Gwajin da ya fi wannan kaifi shi ne ka raba su. Cire batirin, idan mai ciruwa ne, ka yi aiki da caja kaɗai na kwana ɗaya ko biyu. Idan mutuwar ta tsaya, batir ne. Idan ta ci gaba, ko ma ta ƙaru, ka juya ga caja da bakin da ake soka ta. A bayan kwamfutar da jikin cajar an rubuta volt da amp. Volt ɗin dole ya zo daidai, yawanci 19, 19.5 ko 20, amp ɗin cajar kuma ya kai abin da kwamfutar ke nema ko ya fi. Kwamfutar da aka yi wa caja mai wat 90, idan aka ba ta mai wat 65 ko jabu mara nauyi, tana iya zama lafiya lau kana rubutu, da ka ba ta aiki mai nauyi sai ta faɗi. Cajojin Dell da HP da yawa suna da wata siririyar allura a tsakiyar bakinsu, da ita kwamfutar take gane cajar. Idan ta karye ko ta lanƙwashe, kwamfutar tana iya ƙin cajin batir ko ta rage gudu. Sannan ka kama bakin cajar a inda ya shiga kwamfutar ka ɗan motsa shi a hankali, idonka a kan fitilar caji. Idan tana ƙiftawa, ramin ya saki ko wayar ta karye daga ciki. Haɗa wannan da mataccen batir, ka ga dalilin da zai sa ka ɗan ja kwamfutar a kan tebur ta mutu.

Abu ɗaya a nan ba ya jiran gobe. Idan ka ga wurin linzamin yatsa ya turo sama, ko murfin ƙasa ya buɗe baki, ko kwamfutar ta daina zama daidai a kan tebur, batirin ciki ne ya kumbura. Daina caji, kashe ta, a cire shi. Kada a matsa shi, kada a huda shi, domin yana iya kamawa da wuta.

Mu dawo ga shuɗin allo. Idan rubutun da ka ɗauka yana cewa MEMORY_MANAGEMENT, ko PAGE_FAULT_IN_NONPAGED_AREA, ko IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL, musamman idan sunan yana canzawa yau daban gobe daban, ram nake fara dubawa. Ram ita ce wurin da kwamfuta ke shimfiɗa abin da take aiki da shi a yanzu, kuma idan wani ɗan gurbi ya lalace a cikinta, duk manhajar da ta faɗa gurbin ita za ta ɗauki laifi, shi ya sa sunan ba ya tsayawa wuri ɗaya. Windows tana da nata gwajin, ka rubuta mdsched ta sake tashi ta gwada, amma ni na fi yarda da MemTest86. Ana ɗora shi a filashi a tayar da kwamfutar da shi, a bar shi ya zagaya sau 4, ko da zai kwana. Kuskure ɗaya tak ya isa hujja. Idan ya fito, kada ka yi saurin sayen sabuwa. Zare ram ɗin, goge haƙoranta masu ruwan zinariya da abin goge fensir a hankali, ka mayar da ita har ka ji ta ce ƙas. Idan guda biyu ne, gwada su ɗaya bayan ɗaya, a kowane gurbi. Idan kuma an taɓa ƙara mata ram, a duba irinta: DDR3 mai volt 1.5 da DDR3L mai volt 1.35 bakinsu ɗaya, kowace tana shiga gurbin 'yar'uwarta, amma laftof masu firosesan Intel na ƙarni na huɗu zuwa sama da ke amfani da wannan jinsin, mai 1.35 suke so.

Idan rubutun KERNEL_DATA_INPAGE_ERROR ne, ko CRITICAL_PROCESS_DIED, ko UNEXPECTED_STORE_EXCEPTION, ko kuwa kwamfutar tana yawan tsayawa na daƙiƙoƙi sannan ta farfaɗo, ko kana jin wani ƙas-ƙas daga ciki, to faifan ajiya ne abin zargi. Tsohon faifai mai juyawa yana da allura da ke shawagi dab da fuskarsa, kuma shekara 9 na ɗauka da ajiyewa ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa. Manhajar CrystalDiskInfo tana karanto rahoton da faifan ke ajiyewa game da lafiyarsa. Idan ta nuna ruwan ɗorawa ko ja, ko ka ga layukan 05, C5 da C6 sun tashi daga sifili, faifan ya fara rubewa, kuma ba ya warkewa. Shawarata kada ka sa masa chkdsk /r kafin ka kwashe kayanka, domin gwajin yana tilasta masa karanta kowane lungu na tsawon sa'o'i. Maganinsa a musanya shi da SSD mai inci 2.5, wato faifan ajiya na zamani da ba abin da ke juyawa a cikinsa. Ko da faifan lafiyarsa ƙalau, wannan canjin shi ne abin da ya fi dawo wa tsohuwar laftof da kuzari.

Direba, a wannan fagen, ƙaramar manhaja ce da ke fassara tsakanin Windows da wani sashe na na'urar, kamar na hoto ko na sauti ko na Wi-Fi. Ita ce take tsallake fomat, domin da an gama Windows za ta sake sauko da ita daga intanet. Idan shuɗin allon ya ce VIDEO_TDR_FAILURE, ko ya ambaci fayil irin su nvlddmkm.sys na Nvidia, atikmpag.sys na AMD, ko igdkmd64.sys na Intel, direban hoto ne ya daina amsawa. Manhajar BlueScreenView ko WhoCrashed za ta karanta maka bayanan da Windows ta ajiye a C:\Windows\Minidump, ta nuna fayil ɗin da ake zargi. Ga tsohuwar laftof, sabon direba ba lallai ne ya fi ba. Sau da yawa wanda kamfanin da ya ƙera laftof ɗin ya ajiye a shafinsa don wannan samfurin, ko da ya tsufa, shi ya fi zama lafiya. Ka kashe Fast Startup a saitin wuta shi ma, domin yana sa Windows ta adana halin da take ciki maimakon ta tashi sabuwa fil, kuma tsofaffin direbobi ba duka suke jituwa da shi ba.

Akwai gwajin da nake yi duk lokacin da na rasa tabbas tsakanin manhaja da na'ura. Ɗora Linux Mint ko Ubuntu a filashi, wato nau'o'in Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, ka tayar da kwamfutar daga shi ba tare da ka girka komai ba. Ba zai taɓa faifanka ba. Yi aiki a ciki na sa'o'i, kunna bidiyo, buɗe shafuka da yawa. Idan ta mutu a nan ma, Windows ta fita daga zargi gaba ɗaya. Idan ta wuni lafiya, sai a koma kan direbobi ko faifan, tunda a wannan gwajin ba a amfani da shi. Na kuma so ka saba da Linux ɗin don wani dalili daban: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 tana neman firosesan Intel na ƙarni na takwas zuwa sama, wanda kwamfuta mai shekarun taka da wuya ta cika.

Bari in ba ka labarin wata da ta wahalar da ni, don ka ga amfanin takardar nan. Wata baiwar Allah ta kawo laftof tana cewa allon yana mutuwa tana tsakiyar rubutu. Na riƙe ta kwana biyu, na gwada zafi da ram da faifai, ko gezau. Ta karɓa, washegari ta dawo da ita. Sai na ce ta zauna ta yi rubutun a gabana. Ba ta yi layi uku ba allon ya ɗauke, fitilar gefe tana ƙiftawa a hankali, alamar barci. Na dubi hannunta, sai ga agogo mai maɗaurin maganaɗisu. Laftof tana gane an rufe murfinta ne ta hanyar wani ɗan maganaɗisu da ke jikin allo da na'urar da ke jin kusantarsa a gefen kibod. Duk lokacin da wuyan hannunta ya bi ta wurin, kwamfutar sai ta ɗauka an rufe ta. Ta cire agogon, magana ta ƙare. Haka ma yakan faru idan aka ɗora laftof a kan wata laftof da ke rufe. Saboda haka idan taka ta yi baƙi, duba fitilar tukuna, ka tabbatar mutuwa ta yi ba barci ba.

Idan duk an bi waɗannan ba a sami komai ba, saura madabod, babban allon da komai ke manne a kansa. Alamunsa su ne mutuwa idan an ɗaga kwamfutar ta kusurwa ɗaya ko an danna gefen kibod, layuka da launuka masu yamutsewa a allo kafin ta sandare, tarihin zubar ruwa ko da ya daɗe, ko shuɗin allo mai cewa WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR bayan an tabbatar ba zafi. Wasu samfura ma da ciwon aka haife su. A 2008 Nvidia ta amince cewa wasu guntayen hotonta na laftof suna lalacewa fiye da ƙima, abin da ya shafi jinsin GeForce 8400M da 8600M, kuma a 2015 Apple ta buɗe shirin gyara kyauta ga wasu MacBook Pro, har da na 2011, saboda matsalar hoto. Yana da kyau ka nemi sunan samfurin taka a intanet ka ga ko an san ta da wani ciwo. Idan wani ya ce zai gasa guntun hoton da iska mai zafi ya farfaɗo da shi, ka sani yawanci jinkiri ne kawai, takan yi makonni ko watanni ta koma. Ni a nan nake ba da shawarar a tsaya. Canza madabod ga kwamfuta mai shekara 9 ba kasafai yake biyan wahalarsa ba, gara ka zare SSD da ram ɗinka ka adana su.

Amma ban ga alamar kai ka kai wannan matakin ba. Da a gabana take, ga yadda zan bi da ita: in kwashe fayiloli, in duba BugcheckCode na mutuwa biyar na ƙarshe, in auna zafi tana kunne da bidiyo, in wanke hanyar iska in canza mai ko da ma'aunin bai tsorata ni ba, tunda shekarunta kaɗai sun isa dalili, sannan in gwada ta da caja kaɗai. Da dare in bar MemTest86 yana aiki, da safe in duba faifai. Abu ɗaya kawai za ka riƙa canzawa a lokaci guda, ka ba shi kwana ɗaya ko biyu kafin ka taɓa na gaba, domin idan ka canza uku tare ta warke, ba za ka san wanne ne ba ranar da ta sake. Idan ka yi waɗannan, turo mini samfurin kwamfutar, da rubutun da ke ƙasan shuɗin allon, da mafi girman digirin da ka gani, da lambobi biyun nan na batir, sai mu ɗora daga nan.